Kirarin Aro: Muhawara a kan Darajar Makaɗan Gita a Ƙasar Adar

1.0 Gabatarwa

Duk inda Bahaushe ya san makaɗa biyu, to sai ya tambayi wanda ya fi. Tsohuwar gardama ce a tsakanin manazarta da masu saurare, ko Narambaɗa ya fi Ɗanƙwairo azanci, ko kuwa Shata ya sha gabansu da yawan waƙa da farin jini. Wannan maƙala za ta dubi wata gardama ƴar'uwar waccan, wadda ba ta samu shiga ɗakunan karatunmu sosai ba, wato wane ne gwanin gita na wannan ƙasa, kuma da wane mudu aka auna shi.

Abin da ya jawo hankalinmu shi ne kirari ɗaya da aka yi wa mutum uku. An kira Mona na ƙungiyar Azna de l'Ader ta Tawa "Hendrix na Sahara". An kira Bombino na Agadas da wannan suna. An kuma kira Mdou Moctar da shi. Rawani ɗaya ba ya hawa kai uku a lokaci guda. Saboda haka za mu bi asalin kirarin, mu dubi makaɗan da ake takara da sunansu, sa'an nan mu gwada su da ma'aunin da nazarin waƙar baka ta Hausa ya tanada. Mun zaɓi mu saurare su da kunnen mutanen Madawa da Buza da Keita, domin a nan ne Hausawa da Abzinawa suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya: Kel Gres a wajen Galma da Arzarori cikin ƙasar Madawa, Lisawan a Keita. Wanda ya tashi a nan ya san goge da kalangu, ya kuma san tende, don haka da wuya a sayar masa da kiɗan ɗaya daga cikin al'ummomin biyu a matsayin baƙon abu.

2.0 Asalin mudun

Kiɗan da Turawa ke kira rok na gwanayen farko ya bunƙasa ne a Amurka da Ingila daga tsakiyar shekarun 1960 zuwa ƙarshen shekarun 1970. Masu sha'awarsa suna da tasu gardamar da ba ta ƙarewa: Beatles ko Rolling Stones, Eric Clapton ko Jimmy Page. Amma a fagen gita kusan bakinsu ya zo ɗaya a kan Jimi Hendrix, Baƙar fatar Amurka, bahago, wanda aka haifa a 1942, ya rasu a Landan a watan Satumba na 1970 yana da shekara 27. Mujallar Rolling Stone ta jera gwanayen gita a 2003 da 2011 da 2023, kuma a duk jerin uku shi ta sa a gaba.

Abubuwa biyu ya kamata a lura da su game da wannan mudu. Na farko, daraja a wannan fage aikin hukumomi ce: kamfanonin faifai, da mujallu, da gidajen rediyo, da zauren karrama makaɗan rok da ya fara shigar da sunaye a 1986. Su ne ke maimaita suna har ya zauna. Hendrix kansa ya yi shekaru yana kaɗa gita a bayan Little Richard da Isley Brothers ba wanda ya damu da shi, sai da aka kai shi Landan a 1966 sa'an nan mutanen ƙasarsu suka waiwaye shi. Na biyu, jerin yakan manta da waɗanda aka ɗebi ruwa a rijiyarsu. Rolling Stones daga waƙar Muddy Waters suka samo sunansu, kuma sai da Willie Dixon ya kai Led Zeppelin ƙara a 1985 kafin a amince da haƙƙinsa a kan ɗaya daga cikin shahararrun waƙoƙinsu. Ke nan ko a gidansa mudun yana da rami a gindi. Idan aka ɗauko shi aka kawo kasuwar Tawa, dole a ƙara yin hattara.

3.0 Hanyoyin da gita ta biyo

Gita mai lantarki ta shigo Adar ta ƙofa biyu, kuma rashin bambance su ne ya rikita muhawarar.

Ƙofa ta farko ta kudu ce, ta bakin teku. Adar ƙasar ci-rani ce tun zamanin mulkin mallaka. Samarin Buza da Keita sukan bar gida bayan girbi su nufi Nijeriya da Gana da Kodibuwa, har ma lokacin da aka buɗe babban aikin raya karkara na Keita a 1984, da taimakon Italiya da hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin gina ganuwar duwatsu da dashen itatuwa, domin maza suna can. A biranen da ƴan ci-rani ke sauka kuwa, rok yana tashe: Santana ya yi wasa a Akara a watan Maris na 1971, Ginger Baker ya zauna Legas ya yi aiki da Fela, ƙungiyoyi irin su BLO da Ofege suna cika gidajen rawa. Ɗan ci-rani yakan komo da rediyo mai kaset, ɗan makaranta kuma yana jin irin wannan kiɗa a faifan da ke zuwa daga Faransa. A kan wannan sai gwamnatin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ta farfaɗo da samariya, ta shirya bukukuwan matasa na ƙasa inda jihohi ke takara, aka kuma kafa gasar kiɗan zamani mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu a Tawa cikin shekarun 1980. Wannan ita ce ƙasar da Azna de l'Ader ta tsiro a kanta.

Ƙofa ta biyu ta arewa ce. Farin shekarun 1970 da na 1984 ya kori samarin Abzinawa zuwa Aljeriya da Libiya, inda aka laƙaba musu sunan ishumar, daga kalmar Faransanci mai nufin marasa aikin yi. A can ne ƙungiyar Tinariwen ta Mali ta ƙago salon gita mai tafiya da tafi da amshi, wanda ya zama muryar gudun hijira, daga baya kuma muryar tawaye. Bayan abin da ya faru a Cintabaradan a watan Mayu na 1990, a cikin wannan jiha tamu, kaset ɗin gita ya zama abin ɓoyo har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta 24 ga Afrilu 1995.

4.0 Makaɗan da ake takara da sunansu

4.1 Mona da Azna de l'Ader

An kafa wannan ƙungiya a Tawa cikin shekarun 1970, Mona ne jagoranta kuma mai riƙe da babbar gita. A cikin duk waɗanda za mu ambata, shi ne ya ɗauki Hendrix malami da gangan, tun daga gurnanin gita har zuwa shiga. An ɗauki wasu waƙoƙinsu a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai cikin shekarun 1980, suka zauna a taska, sai a shekarun 2010 kamfanin Sahel Sounds na Christopher Kirkley, da ke Fotlan ta Amurka, ya fitar da su a faifai mai suna Zabaya.

Masu kushe Mona sukan ce kwaikwayo ya yi, kuma mai kwaikwayo ba ya wuce na biyu. A ganinmu wannan hukunci ya yi gaggawa. A dubi sunayen da ƙungiyar ta zaɓa. Azna su ne Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, waɗanda Djibo Hamani da Nicole Échard suka yi dogon bayani a kan matsayinsu cikin tarihin Adar. Zabaya kuwa mawaƙiya ce ta dandali da gidan biki. Wanda ya raɗa wa ƙungiyar rok waɗannan sunaye, a zamanin da ɗan boko ke jin kunyar a danganta shi da su, ya san inda ya dosa. Daɗin daɗawa, kunnen Adar ya riga ya saba da kiɗan da kayan kiɗa ke jagora, murya na biye: a fagen bori goge ne ke kiran iska da takenta, yana maimaita ɗan gajeren zance yana ƙara masa zafi har mai hawa ya faɗi. Doguwar gita mai kuka da kururuwa a kan ganga mai nauyi, wadda ake ji a Zabaya, ta fi kusa da wannan tsari fiye da yadda masu cewa kwaikwayo suke zato. Kayan na aro ne, amma aikin da aka sa su na gida ne.

4.2 Abdallah Oumbadougou

An haife shi a ƙasar Agadas a 1962, ya rasu a 2020. Ba a cika yi masa kirarin Hendrix ba, kuma dalilin a fili yake: gitarsa ba ta gudu, ba ta tsalle, rakiyar magana take yi. Amma a zamanin tawaye kaset ɗinsa da na ƙungiyarsa Takrist n'Akal sun yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, ana kwafarsu a ɓoye. Idan da mudun Rolling Stone za a auna shi, ba zai shiga jeri ba. Idan kuwa aka tambayi makaɗan da suka biyo baya, shi ne tushe. Mdou Moctar ya sha faɗin cewa ganin wasan Abdallah ne ya sa ya ƙera gitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke.

4.3 Bombino

Omara Moctar, wanda aka haifa a 1980, shi ne ya fara kai gitar Nijar manyan dandalin duniya. Ya yi gudun hijira yana yaro a 1990, kuma ya bayyana cewa a can ya riƙa kallon Hendrix da Mark Knopfler na Dire Straits a bidiyo. Faifansa Agadez ya fito a 2011, Nomad a 2013 ƙarƙashin kulawar Dan Auerbach na Black Keys, Deran kuma a 2018, wanda ya sa ya zama ɗan Nijar na farko da aka sa sunansa cikin takarar kyautar Grammy. Wanda ya saurare shi da kyau zai ji cewa hannunsa ya fi karkata ga Knopfler: sauti mai tsabta, yatsu masu sauri ba tare da hayaniya ba, da daɗin rauji. Kirarin Hendrix a kansa saukin talla ne kawai. Rauninsa kuwa shi ne waƙoƙinsa sukan yi kama da juna, ta yadda mai saurare zai ji daɗin faifai gaba ɗaya amma ya kasa ware waƙa ɗaya da ta tsaya masa a rai.

4.4 Mdou Moctar

Mahamadou Souleymane ɗan arewacin jihar Tawa ne, yankin Abalak da Cintabaradan, kuma bahago ne kamar Hendrix. Abin da masu yi masa kirari daga waje ba su cika kula da shi ba shi ne faifansa na farko, Anar, a Sakkwato aka ɗauke shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Ta wayar salula waƙoƙin suka bazu, daga katin waya zuwa katin waya, har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones a 2011. A 2015 ya fito a fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka gina a kan Purple Rain na Prince. Daga Ilana na 2019 zuwa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024, kiɗansa ya ƙara nauyi da sauri, jigonsa kuma ya koma kan mulkin mallaka da halin da Afirka ke ciki. A fagen sarrafa gita shi ne ya fi kowa nisa a cikin huɗun. Sai dai ana iya tambaya ko nauyin da kiɗan ya ƙara bayan 2019 buƙatar waƙar ce, ko kuwa buƙatar dandalin Amurka da Turai inda ya fi yin wasa.

5.0 Gwaji da ma'aunin gida

Manazarta waƙar baka, musamman Sa'idu Muhammad Gusau a Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun koya mana duban turke da tubalansa, da salo, da zubi da tsari, da dangantakar jagora da ƴan amshi. Idan muka ɗora a kan wannan, muna iya fitar da ma'auni huɗu da suka dace da makaɗin gita.

Na farko hannu, wato gwanintar sarrafa abin kiɗa. A nan Mdou Moctar ne gaba, Bombino na biye, Mona kuma yana da ladan wanda ya fara sara a dajin da ba hanya, da kayan aiki irin na Tawa ta shekarun 1970.

Na biyu harshe, wato nauyin abin da aka faɗa da yadda aka faɗe shi. A wajen Bahaushe wannan ne babban ma'auni. Ɗanmaraya Jos da kuntigi mai tsirkiya ɗaya ya cika ƙasa, saboda maganar da ke bisa tsirkiyar. A nan Abdallah ne gaba, domin shi ne wanda maganarsa ta kai ga a ɓoye kaset ɗinsa. Abin lura shi ne mafi yawan waɗanda suka raba wa makaɗanmu daraja a jaridun waje ba su jin Tamajak, ba su jin Hausa. Sun yanke hukunci a kan rabin waƙa.

Na uku taro, wato iya riƙe jama'a a fili. Gitar Abzinawa ta zama kiɗan biki, ana ɗaukar makaɗanta aure da suna, kuma a wannan makaranta ce Bombino da Mdou Moctar suka ƙware kafin wani Bature ya ji su. Azna kuwa ta dogara ga dandalin samariya da gidajen matasa da gasar gwamnati, wato taron da hukuma ke haɗawa.

Na huɗu gado, wato ko makaɗi ya bar masu bin sawunsa. Nan ne bambancin ya fi fitowa. Layin Abdallah ya yi rassa har ya kai ga mata: Fatou Seidi Ghali da ƙungiyar Les Filles de Illighadad, daga wani ƙauye na ƙasar Abalak, sun haɗa gita da tende a faifansu na 2016 da Eghass Malan na 2017. Layin Mona bai yi irin wannan yaɗo a cikin Hausawa ba.

Sakamakon gwajin shi ne babu wanda ya cinye ma'aunin huɗu. Wanda ya ce lalle sai an naɗa sarki ɗaya, to ya fara faɗa mana wane ma'auni ya jefar.

6.0 Dalilin da suna ya bi wasu ya bar wasu

Saura tambaya mafi nauyi ga sashen nazarin Hausa: me ya sa rok na Hausa, wanda ya riga na Abzinawan Nijar shiga ɗakin ɗaukar sauti na ƙasa, ya tsaya a Tawa, na arewa kuwa ya zagaya duniya? Muna ganin dalilai huɗu.

Na ɗaya, matsayin makaɗi. A al'adar Abzinawa kiɗan yabo aikin maƙera ne, sai gita ta zo a matsayin sabon abu da bai shiga rabon gado ba, kowane saurayi yana iya ɗaukarta ba tare da ya zama maroƙi ba. A ƙasar Hausa kuwa gurabun sun riga sun cika: akwai makaɗan fada, da na sana'a, da na maza, da na jama'a, kowa da ubangidansa. Mai gita bai da sarki, bai da manoma ko mahauta ko ƴan dambe da zai yi wa taken sana'a. Ubangidansa ɗaya ne, gwamnati, kuma da samariya ta rushe bayan taron ƙasa na 1991, tsarin tsuke bakin aljihu ya biyo, sai inuwar ta tafi.

Na biyu, kasuwa. Daga ƙarshen shekarun 1990 waƙoƙin finafinan Kano suka mamaye kunnen matasan Hausa, daga Madawa har Agadas. Fiyano ɗaya da ɗakin ɗaukar sauti sun wadatar, ba sai an tara mutum biyar da ganguna da lasifika da injin wuta ba. Kuma waƙar fim ta mayar da magana gaba, inda Bahaushe ya fi son ta.

Na uku, labari. Kasuwar faifai ta Turai labari take saye tare da sauti. Rawani da raƙumi da tawaye labari ne mai sayuwa, musamman bayan Ali Farka Touré da Ry Cooder sun buɗe ƙofa da Talking Timbuktu a 1994, Tinariwen kuma ta ci Grammy a 2012. Bahaushen Tawa mai shigar Hendrix bai dace da hoton hamadar da ake nema ba: ya yi zamani da yawa ga mai neman gargajiya, ya yi nisa da yawa ga mai neman rok.

Na huɗu, taska. Wanda ba a ɗauka ba, ba a jin sa. Wanda aka ɗauka aka kulle, daidai yake da wanda ba a ɗauka ba. Sai da baƙo ya zo daga Fotlan kafin waƙoƙin da ke ajiye a Yamai su zama faifan da ɗalibinmu zai iya saurare. Wannan ba laifin baƙon ba ne. Ya yi abin da ya ga ya dace, kuma ya kyauta. Amma wanda ya buɗe rumbu shi ke zaɓen damin da za a fitar, shi ke kuma raɗa masa suna.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa kirarin "Hendrix na Sahara" ya haɗa mutum uku da hanyoyinsu suka bambanta, ya kuma bar na huɗu wanda biyu daga cikinsu suka tsaya a kan kafaɗarsa. A wajen Mona kirarin yana da tushe a tarihi, amma ya rufe abin da ya ɗebo daga Adar. A wajen Bombino bai dace da hannunsa ba. A wajen Mdou Moctar ya dace da hannun, amma ya shafe Sakkwato da Abalak daga labarin. Kayan aro, in ji masu iya magana, ba ya rufe katara.

Hukuncinmu shi ne Abdallah Oumbadougou ya fi su nauyi a tarihi, Mdou Moctar ya fi su hannu, Bombino ya buɗe ƙofar waje, Mona kuwa shi ne wanda aka fi tauye wa haƙƙi, kuma shi ne ya fi cancantar nazarin sashen Hausa, domin a wurinsa ne ake iya ganin abin da ke faruwa idan tsarin goge ya haɗu da lantarki.

Aikin da ke gabanmu a bayyane yake. Ana buƙatar a rubuta matanin waƙoƙin waɗannan ƙungiyoyi da harsunan da aka yi su, a fassara su, a yi musu nazarin turke da salo kamar yadda aka yi wa Narambaɗa da Shata. Ana buƙatar a jera abin da taskar rediyon ƙasa ta ƙunsa na ƙungiyoyin jihohi da na gasar Ɗan Gurmu. Ana kuma buƙatar ɗalibai su shiga Madawa da Buza da Keita su tattauna da tsofaffin ƴan samariya da ƴan ci-rani, waɗanda suka yi rawa a gaban waɗannan makaɗa, tun suna da rai da ƙarfin tunawa. Ra'ayinsu a kan wanda ya fi hujja ce ta nazari, kuma ba a jaridar Landan ko ta Niyok za a same ta ba.